Wasiƙa daga Oslo zuwa ga Habu

Aminina Habu,

Salamu alaikum. Ya gida ya iyali, ya ƙafar Hajiya? Na san ka yi fushi da shirun nan, ka yi haƙuri, aikin dare ne ya sha kaina.

Maganar ɗana Abba ce ke cin raina. Ka san a Stovner muke, gabashin Oslo, inda ɗan Pakistan da ɗan Somaliya da ɗan Maroko duk aji ɗaya suke, to yaran nan sun haɗa wani yaren Norway nasu na kansu, kebabnorsk ake ce masa, kodayake da yawansu ba sa son sunan. Rannan ina shan shayi na ji shi a waya yana ta wolla wolla, na ce kai wallahin namu ne kuka gutsure haka? Ya ce eh Baba, ai har 'ya'yan Turawan ajinmu da shi suke rantsuwa. Kuɗi flus, kallo sjofe, duk daga Larabci, ɗan sanda kuma baosj. Guda ɗaya na hana shi, kæbe, wai yarinya, alhali a Larabci zagi ne mai muni. Har jimla suke juyawa, jiya na tafi maimakon "i går gikk jeg" sai ka ji "i går jeg gikk", abin da malamar kwas ɗinmu na koyon yaren Norway ta yi ta ja mana kunne a kai kenan.

Af, an ce Ɗanlami ya ƙara aure? Kai kuma na ga hoton sallah, tumbin nan fa ya kusa riga ka shiga masallaci.

Da tsorona ranar da zai je neman aiki a ji bakinsa a ajiye takardarsa. Sai shekaranjiya na ji ya kira asibitin haƙori, wallahi Habu tsaf ya yi magana kamar mai karanta labarai a NRK, gidan rediyo da talabijin na ƙasar, yana ajiye wayar ya koma wolla. Mamansa ta ce na gani ko.

Hausar ce ke zubewa. Inna ta kira shi, daga ina wuni sai lafiya lau, sai ya miƙo min wayar, ranar ban iya cin abinci ba. Don Allah in ka je gidan ka ɗaukar min muryarta tana masa tatsuniya ka turo ta WhatsApp, ko ta gizo da ƙoƙi ce. Kar ka manta yajin nan kuma.

Naka,
Sani