A Daina Yaye Masu Aski Cikin Sati Uku

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili a jaridar nan in yi magana a kan sana'ata, wato aski, don akwai abin da ya daɗe yana damuna kuma na ga in ban faɗa ba ba zan samu sukuni ba.

Shekara 14 ke nan ina tsaye a bayan kujera. A 'yan shekarun nan sai ka ga yaro ya sayo kilifa sabuwa dal a kwali, ya kalli bidiyo goma a YouTube, ya zauna wajen wani sati uku yana share gashi, kafin ka ankara ya buɗe nasa har da allo a ƙofa. Wallahi ba hassada nake ba, kai ai ba ya ƙarewa, gashi na fitowa kusan santimita 1 duk wata, wanda ka aske yau bayan sati biyu ko uku shi zai kawo kansa da ƙafarsa, kasuwar ta ishe mu gaba ɗaya. Tsorona shi ne muna riƙe da ƙarfe mai kaifi a kan fatar mutane kuma da yawanmu ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya faɗa mana abin da hakan ke nufi.

Ni ma na yi wannan gaggawar, shi ya sa nake faɗa da ƙarfina. A shekarata ta biyu na ga manya suna fitar da layin goshi tsaf kamar an ja da rula, sai na kwance kilifata na matso da haƙoran sama har suka yi daidai da na ƙasa, ashe na wuce gona da iri, wanda yake motsi ya leƙo gaba. Washegari wani bawan Allah ya kawo ɗansa, yaro bai fi shekara 6 ba, ina zagaya bayan kunnensa sai ga jan layi siriri, jini na tsattsafowa ɗis ɗis. Yaron bai yi kuka ba ma, kafaɗa kawai ya ɗaga. Uban ya dube ni ta madubi, bai ce uffan ba, ya biya ya ja hannun ɗansa suka fita, ban ƙara ganinsu ba har yau. Da dare ogana ya karɓi kilifar ya ɗaga ta saitin fitila ya nuna min, ya ce haƙorin da ke motsi dole ya zauna a baya kaɗan da wanda yake tsaye, kuma duk ranar da ka kwance ta to ka fara gwadawa a cikin hannunka kafin ka kai ta kan ɗan mutane. Maganar da ba ta kai minti biyu ba, amma sai da jinin yaro ya fita na same ta.

To yanka ma da sauƙi tunda ido na ganinsa. Wanda ba a gani shi ne abin tsoro. Ƙwayar cutar hanta, hepatitis B, tana iya yin aƙalla kwana 7 da ranta a busasshen jini a jikin ƙarfe, kuma ba sai jinin ya yi yawan da za ka gani ba. Makero kuwa daga kan wannan yaro zuwa na wancan ba ya buƙatar komai sai burushi ɗaya ko mataji ɗaya da ba a wanke ba. Amma je ka duba yadda wasunmu ke yi, a kunna laita a wuce da wutar ta kan haƙoran kilifa sakan biyu, kwastoma ya gani hankalinsa ya kwanta, alhali gashi da maiƙo na nan maƙale a tsakanin haƙoran, ba abin da aka yi sai lalata kaifin ƙarfen. Tsarin shi ne ka fara kaɗe gashin tas da burushi, sannan ka sa sifirit ko maganin kashe ƙwayoyin cuta ka bar shi ya jiƙa har lokacin da aka rubuta a jikin robar ya cika, wasu magungunan minti 10 suke so, ba ka fesa ka goge nan take ba. Akwatin nan mai shuɗiyar fitila shi ma wajen ajiye kayan da aka riga aka tsabtace ne, ba zai wanke maka datti ba. Reza kuma mutum ɗaya reza ɗaya, a buɗe ta a gabansa, a jefa ta a rufaffen gwangwani, wannan babu ja-in-ja.

Sannan akwai sanin fata. Mai murɗaɗɗen gashi in ka kankare masa ƙeya ko gemu har ƙasa kana bin reza sabanin yadda gashin ya kwanta, lokacin da zai fito sai ya lanƙwashe ya koma cikin fata, ƙuraje su feso, wasu har su zama tabo mai tauri da ba ya tafiya. Mai askin da ya koyi aiki zai ce Alhaji bari in bar maka shi da ɗan tsawo a nan. In kuma ya ga kai da ciwo yana ruwa zai ajiye kilifa ya ce a fara zuwa asibiti, ko da kuwa kuɗin askin ya kuɓuce masa.

Masu raina sana'ar nan ina so su san tana da tarihi. A Ingila, a 1540 zamanin Sarki Henry na 8, masu aski da masu fiɗa ƙungiya ɗaya aka haɗa su, sai a 1745 suka rabu, kuma sandar nan mai ja da fari da ke juyawa a ƙofar shagunan aski daga aikin fiɗa da masu aski ke yi a da ta samo asali, jini da bandeji take nufi. A 1893 wani A. B. Moler ya buɗe makarantar koyon aski a Chicago. Yau a jihohi da yawa na Amurka sai ka yi awa 1,000 zuwa 1,500 kana karatu da gwaji, ka rubuta jarrabawa, sannan a ba ka lasin, kuma tsabta da cututtukan fata na cikin abin da ake tambaya. Ban ce lallai sai ko'ina an yi haka ba, Ingila kanta doka ba ta tilasta lasin, amma ka lissafa, awa 1,000 a awa 8 kullum kwana 125 ne cur. Ina sati uku ina wannan.

Ƙannena masu sha'awar shiga, ku shigo, sana'a ce mai rufin asiri kuma duk inda ka je a duniya da kai da gashi za ka tarar. Amma ku nemi ogan da zai koya muku, ku san lambobin matajin da ake maƙala wa bakin kilifa, lamba 1 milimita 3 na gashi take bari, lamba 2 milimita 6, ku koyi almakashi da mataji don ba kowane gashi kilifa ke yi wa adalci ba, ku koyi sa wa kilifa mai da gyara ta da kanku. Ku sayi takalmi mai laushi don tsayuwar awa 10 ba wasa ba ce, ni yanzu bayana da gwiwata ke ba ni labarin shekarun da na yi ina sunkuyo maimakon in ɗaga kujera. Kuma ku iya bakinku, mutum in ya zauna an rufa masa ƙyalle sai ya faɗa maka abin da bai faɗa wa matarsa ba, ranar da maganar ta fita daga shagonka ka rasa shi da duk abokansa.

Mu ma iyayen gida akwai laifinmu, kuma babba. Ka ɗauki yaro shekara guda ba abin da ya iya sai shara da aike, kana ɓoye masa hannu don kar ya fi ka, to me zai hana shi gudu ya buɗe nasa da rabin ilimi? Iyaye kuma in za ku kai yaro ku tambaya me za a koya masa wata na farko, me za a koya masa wata na shida, in oga ya kasa amsawa ku canza wuri.

Yanzu haka akwai yaro a wajena wata biyu ke nan, ya iya kwance kilifa ya mayar, ya iya wanke kaya yadda ya kamata, yana riƙe min madubi yana kallon hannuna, amma bai taɓa kan kwastoma ba tukuna. Na bar gashina sati biyar ban taɓa ba saboda shi, sati mai zuwa in Allah ya kai mu ni zan hau kujerar ya fara da kaina.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai aski