Rahoton ayyukan shekarar 2025 na ƙungiyarmu ta 'yan sa kai masu kashe gobara

Assalamu alaikum iyayenmu dattawa, iyayenmu mata, yayye da ƙanne membobi. Ciyaman ya ce tunda rabinmu sun tafi ci rani, wasu Kano wasu Legas wasu Abuja, to in rubuto rahoton shekara in tura wa kowa a waya kar a ce sai an jira mitin. Ku yi haƙuri da tsawonsa, wanda bai iya karatun boko ba don Allah na kusa da shi ya karanta masa.

Ga waɗanda suka shigo bana, ku sani ƙungiyar nan ba wani ne ya zo daga Dutse ya kafa mana ita ba. Abin da ya faru a Majiya, nan jiharmu ta Jigawa, ne ya tayar da mu, daren 15 ga Oktoban 2024, da tankar mai ta kife a hanyar Kano zuwa Haɗeja, mutane suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi. Sama da mutum 150 aka rasa, wasu sai daga baya suka cika a asibiti, Ringim ne, Haɗeja ne, Kano ne. A ƙasar Ringim ɗin nan da wuya ka samu wanda bai je gaisuwa ba. Allah ya jiƙansu ya sa sun huta. Bayan an share makoki muka zauna a ƙofar gidan mai unguwa muka ce to mu fa in wuta ta tashi a garin nan me za mu yi, aka yi tsit, babu mai amsa. Ko gama rubuta sunayen membobi ba mu yi ba sai ga ta Dikko a jihar Neja a watan Janairun 2025, iri ɗaya sak, tanka ta faɗi an je kwasa.

To bari in fara da gobarar da ta fi ba mu wuya bana, ta unguwar gabas, cikin hunturu. Duk wanda ya fito daren nan ba zai manta ba. Wata gyatuma ce ta kwana da kaskon garwashi a bakin ɗaki tana jin ɗumi, ana zaton akuya ce ta ture shi, garwashi ya taɓa zana, zana ta kama danga, dangar kuma an jingina mata tarin kara na shekara guda cur. Ga iska tana kaɗawa daga gabas kamar ana hura wuta da mafici. Ni da na iso ban ma ga gidan ba, ja kawai na gani da tartsatsi yana tsallake katanga yana sauka a kan harawar maƙwabta da ke bisa rufi. Layin bokiti muka ja tun daga tuƙa-tuƙa, hannu da hannu, mata na bugawa maza na miƙawa, amma tsakani da Allah ruwan bokiti a kan tarin kara kamar ka tofa yawu ne. Abin da ya cece mu, bayan ikon Allah, shi ne shawarar wani dattijo da ya ce a bar wanda ya riga ya kama, a je gaba a karya dangar gidaje biyu a janye karan, wuta ta zo ta tarar babu abin ci. Mai gidan har rigima ya yi, yana cewa ya za a rushe masa danga wuta ba ta zo ba, da safe shi ya fara zuwa godiya. Yaran fadama kuma suka ɗauko injin ban ruwa a kan amalanke aka kafa a kududdufi, sai tiyo ya gaza, dole aka riƙa cika durom a tsakiyar hanya ana ɗiba daga nan.

Ba a rasa rai ba Alhamdulillah, gyatuma ta fita da ƙuna kaɗan a ƙafa. Amma rumbun gero ya tafi, da tumaki da ke ɗaure a turke babu wanda ya tuna ya kwance su, wannan kam har yau yana damuna. Kuma mun koyi cewa rumbu in ya kama, ko ka ga wutar ta mutu a sama tana nan tana ci a ciki, sai an baje dammunan an jiƙa ɗaya bayan ɗaya.

Sai maganar motar 'yan kwana-kwana, wadda nake so mu yi wa kanmu adalci a kanta. E, ta zo a makare, an riga an ci ƙarfin wutar. Wasu samari suka tare su da baƙar magana, wai ihu bayan hari, har wani ya ɗaga dutse. Wallahi na ji kunya. Da muka bincika washegari sai muka gano an daɗe ana fama kafin ma a kira su, kowa ya ɗauka wani ya kira, wanda ya kira ɗin kuma ihu kawai yake a waya gobara gobara, bai faɗi sunan gari da kyau ba balle ta inda mota za ta shigo. Ga nisa, ga hanyarmu da kuka sani mai yashi, ga lungunanmu da ko amalanke da kyar take wucewa, sannan ruwan da ke cikin tankinsu in ya ƙare nan ba birni ba ne, sai sun je neman inda za su ja wani. Duk da haka su suka ƙarasa kashe rumbun nan, ba su tafi ba sai da aka kira assalatu. Mun je ofishinsu ni da ciyaman mun ba da haƙuri. Yanzu mun ware mutane a kowace unguwa da aikinsu kira ne kawai, su faɗi gari, unguwa, me ke ci, akwai mutum a ciki ko babu, sannan a tura mai babur bakin titi ya jira mota ya shigo da ita. Lambar ofishin na jikin bangon masallacin Juma'a da shagon caji, akwai kuma 112 ta gaggawa wadda ba ta cin kati. Amma mu sa a ranmu cewa mintunan farko namu ne, babu motar da za ta riga mu zuwa gidan maƙwabcinmu.

Sauran gobarar bana ƙanana ne, ta shagon cajin waya da wayoyin sola suka haɗu, da ta ciyawar bayan gari da yara masu farautar ɓera suka cinna, duk an kashe su tun ba su yi nisa ba. Suna rubuce a littafin rijista ga mai son dubawa.

Akwai kuma ta rijiya, ba gobara ba ce amma mu aka kira. Rago ne ya faɗa tsohuwar rijiyar bayan makaranta, yaron gidan har ya cire riga zai shiga. Muka riƙe shi da ƙarfi yana zage-zage. Wani tsohon mai haƙar rijiya ya ce a kawo fitilar ƙwai, ya ɗaura mata igiya ya zura, tun ba ta kai ruwa ba ta mutu murus. Ya ce to kun gani, inda fitila ba ta rayu ba mutum ma ba zai rayu ba. Irin wannan ne kuke ji a rediyo, ɗaya ya shiga ya suma, ɗan uwansa ya bi shi ceto shi ma ya tafi, har a rasa mutum uku a rami ɗaya. Da ƙugiya aka ciro ragon, ya riga ya mutu, rijiyar kuma mun rufe bakinta da itace da langa-langa.

Ɓangaren wayar da kai, a nan dole in jinjina wa iyayenmu mata na ƙungiya, don su suka yi aikin da mu maza ba mu isa mu yi ba, sun shiga gida-gida, sun yi magana a Islamiyya, a gidan suna, a gidan biki. Abin da suka fi nanatawa shi ne man tuya in ya kama a kasko kar a watsa ruwa, tashi zai yi ya bi fuska, a rufe da murfi ko jiƙaƙƙen buhu. Masu tukunyar gas, da yanzu amare ke zuwa da ita cikin kayan ɗaki, an nuna musu yadda ake gwada yoyo da kumfar sabulu ba da ashana ba, kuma in an ji wari kar a kunna komai ko da makunnin fitila ne, a buɗe ƙofa a fitar da tukunyar tsakar gida, don shi gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru. Garwashi a rufaffen ɗaki kuma ba gobara kaɗai ba, yana fitar da wata iska marar wari marar launi da ke kashe mutum cikin barci, haka hayaƙin janareta. Yaƙin da ya fi wuya shi ne na maganin ƙuna. Kowa da nasa, wata ɗanyen ƙwai, wata man goge baki, wata gishiri, wani ma baƙin mai na inji. Mu dai abin da ma'aikatan lafiya suka koya mana muke faɗa, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin kamar minti 20, ba ƙanƙara ba, kar a fasa bororon, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti. Wata ƙanwarmu kunu ya zube wa ɗanta a cinya, surukarta na ta kiran a kawo ƙwai, ita kuwa ta ɗauki buta ta yi ta zuba ruwa tana kuka, yanzu ko tabo da kyar za ka gani.

Tsangaya mun je har sau da dama, musamman bayan abin da ya faru a Ƙauran Namoda ta jihar Zamfara a watan Fabrairun 2025, inda almajirai 17 suka rasu a gobarar dare. Alaramma, Allah ya ƙara masa lafiya, bai ɓata mana lokaci ba ko kaɗan, a ranar ya sa gardawa suka kwashe karan wutar karatu daga jikin ɗakin kwana suka kai can gefe, ya kuma hana kulle yara ta waje da dare. Mun koya wa ƙolawa in wuta ta kama rigarka kar ka gudu, ka kwanta ka yi ta birgima, in hayaƙi ya cika ɗaki ka yi rarrafe don sama yake tashi. Sun mayar da abin wasa, har yanzu in suka gan ni a hanya sai su zube su hau birgima.

'Yan bumburutu kam gaskiya ba mu ci nasara ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 fetur ya zama zinare, kowa tsoron ɓarayi yake, sai ka tarar jarkoki a ƙarƙashin gado, a ɗakin da mata da yara ke kwana ana kunna maganin sauro. Mun yi magana, liman ya yi a huɗuba, kaɗan ne suka fitar. Iyakar abin da muka samu shi ne sun yarda da bokitin yashi kusa da teburinsu, tunda mun nuna musu fetur a kan ruwa yake tasowa, in ka watsa ruwa raka wutar kawai ka yi zuwa wani wuri. A kasuwa ma sarkin kasuwa ya taimaka an raba masu tuyar awara da ƙosai da masu sayar da mai, da can kafaɗa da kafaɗa suke a ƙarƙashin rumfar zana ɗaya. Wani ya ce mun cika tsoro, na ce masa kasuwar Sabon Gari ta Kano da ginin siminti ce ta ƙone a watan Maris na 2016, ina ga tamu ta kara.

Yanzu inda zan taka wasu, ku yafe ni. Ranar gobara kowa jarumi ne, har da masu ɗaukar bidiyo. Amma ranar da muka kira aikin gayya bayan kaka don a janye tarin kara da harawa daga jikin ɗakuna a kai fili, mu nawa muka fito? Ku da kanku kun sani, ko layin bokiti ɗaya ba mu cika ba. Kuma wannan aikin marar daɗi, na ƙura da ƙaiƙayi, shi ne ainihin aikin ƙungiyar nan. Unguwar yamma da suka fito suka yi nasu, bana ko hayaƙi ba mu gani a can ba. Na san ba kowa ke da fili ba, na san ana tsoron satar kara da dabbobi masu ɓarna, shi ya sa muka roƙi dagaci ya ba mu wani kango a bayan gari ya kuma amince, saura mu kewaye shi.

Kuɗi, ma'aji zai karanto dalla-dalla a mitin, ba zan shiga aikinsa ba. Abin da ya shigo dai kuɗin wata-wata ne da gudummawar 'yan ci rani, Allah ya saka muku, an sayi bokitai, shebur, igiya, tocila da man injin, an kuma kai wa gidan da rumbunsu ya ƙone hatsin da aka tara. Masu bashin wata-wata sun san kansu. Bokitan nan da muka shafa wa jan fenti don a gane su, na ga ɗaya a gidan biki an jiƙa zoɓo a ciki, na ga wani ana ba wa jaki ruwa. Don girman Allah a dawo da su.

Abin da ke gabanmu, tiyo mai tsawo da zai kai daga kududdufi zuwa tsakiyar gari shi ne na farko. Mun rubuta takarda ta hannun hakimi muna roƙon hukumar kashe gobara ta jiha ta turo mana masu horarwa ko na yini ɗaya ne, muna jiran amsa. Kafin damina akwai yasar magudanan ruwa, ambaliyar 2022 ta ishe mu. Mitin na gaba ranar Asabar bayan la'asar a ƙofar gidan mai unguwa, za a sake zaɓen masu kira na kowace unguwa tunda biyu sun tafi Legas. Duk mai jan bokiti a gidansa ya taho da shi, ba za a tambayi kowa komai ba.

Naku, sakatare.