Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Legas Sanwo-Olu: A Buɗe Takardun Albashin 'Yan Kwangila

Mai girma Gwamna, barka da aiki, Allah ya taimake ka.

Da ka shiga zango na biyu a 2023, ka sa daidaito tsakanin maza da mata cikin manufofinka na THEMES+. A Oktoban 2024 kuma ka sanar da naira 85,000 a matsayin mafi ƙarancin albashin jiha, sama da 70,000 na tarayya. Mun yaba. Amma da yawa daga matan da ke share titi tun asubar fari, da masu goge-goge a gine-ginen gwamnati, ba sa cikin takardar albashin jiha. Ɗan kwangila ne ke biyansu da kuɗin da gwamnatinka ta ba shi, ba kuma a tilasta masa ya nuna wa jama'a nawa ya ba mace, nawa ya ba namiji. Kukanmu ke nan.

Ka san babu kamfanin da zai rubuta cewa mace ta fi arha. A wurin sa wa aiki suna ake yin aika-aikar. Mutum biyu a layi ɗaya, inji ɗaya, awa takwas: shi a rubuta shi mai sarrafa inji, ita a rubuta ta mataimakiya, matakin albashi ya rabu tun ranar farko. Daga nan komai ke bi, domin kuɗin ƙarin awanni da fansho duk a kan albashin ake lissafa su. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai aiki ya zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. A kan naira 70,000, wannan ya kama 12,600 kowane wata. Macen da aka bari a matsayin 'yar wucin gadi, ana sallamarta ana sake ɗaukarta, ko sisi ba ya shiga asusunta. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya ce a ba ma'aikaci rubutattun sharuɗɗan aiki cikin wata uku, shi ya sa wasu ke yanke aikin kafin wa'adin ya cika.

Haihuwa ta fi ciwo. Sashe na 54 ya ba mace mako shida kafin haihuwa da shida bayanta, da aƙalla rabin albashi, in ta yi wata shida tana aikin. Wadda ake ta yanke wa aiki ba za ta taɓa cika wata shidan ba. Ma'aikaciyar jiha a sakatariyar gwamnati da ke Alausa tana samun hutun wata shida tun 2014. Wadda ke goge ofishinta ta hannun ɗan kwangila kuwa, cikin ya bayyana, sai a ce ta je gida ta huta. Sashe na 55 kuma ya hana mata aikin dare a masana'antu, ga shi alawus na dare yakan ɗaga albashi.

Mun san za a ce ƙwadago hurumin Abuja ne. Gaskiya ne. Mun kuma san sashe na 17(3)(e) na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ce aiki ɗaya lada ɗaya ba tare da duba jinsi ba, yana Babi na Biyu da ba a cika iya kai ƙara a kansa ba. Najeriya ta amince da yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta shafi daidaita albashin maza da mata, tun 1974, Kotun Ma'aikata da ke Ikoyi tana da ikon aiki da ita. To amma bazawara mai 'ya'ya huɗu a Agege ko Idi-Araba, da wane kuɗi za ta ɗauki lauya, da wace takarda za ta kafa hujja?

Kuɗin kwangila na jiha ne, ranka ya daɗe, sharaɗinsa a hannunka yake. Muna roƙon ka umarci hukumar kula da bayar da kwangila ta jiha ta sa wannan cikin kowace kwangilar shara, goge-goge, gadi da dafa abinci: kafin a saki kuɗin wata, ɗan kwangila ya kawo jerin ma'aikata mai nuna jinsi, ainihin aikin da mutum ke yi, ranar da ya fara, awanni, albashi, alawus da abin da aka cire. Biya ya zama ta banki kawai. Mai binciken kuɗi ya gwada jerin da shaidar banki da rasidin fansho, domin an san ana ajiye rajista biyu, ɗaya ta nunawa, ɗaya ta gaske.

Dabaru biyu za su biyo baya, a shirya musu. Wani zai tura albashi cikakke sannan shugaban leburori ya karɓe wani abu a hannu; maganinsa ziyarar bazata, a zauna da matan su kaɗai, da Hausa ko Yarbanci ko Turancin buroka, ba a gaban shugabansu na wurin aiki ba. Wani kuma zai rage mata don lissafinsa ya yi kyau, saboda haka a riƙa ƙirga adadinsu wata-wata. Wanda aka kama, a riƙe kuɗinsa har ya biya bashin, in ya maimaita a cire shi daga jerin 'yan kwangila. Ingila tun 2017 take tilasta wa kamfanoni masu ma'aikata 250 ko fiye su wallafa tazarar albashi tsakanin maza da mata kowace shekara. Sai Legas ta fara da 'yan kwangilar da take biya.

Akwai batun masu aikatau a gidaje, da ƙananan wuraren da ba su kai ma'aikata 25 ba, waɗanda dokar mafi ƙarancin albashi ta tsallake. Ofishin lauyoyin jiha masu kare talakawa ma yana bukatar tafinta na Hausa. Za mu dawo kansu. Yanzu dai takarda ɗaya muke jira daga ofishinka, mai ɗauke da ranar da sharaɗin zai fara aiki.

Wassalam,
Wasu masu lissafin albashi da harkar ƙwadago, Agege, Legas