Mutumina, ga labarin tsakiyar da ka tambaya

Assalamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya yara, ya Kumasi da ruwan samanku da baya ƙarewa. Saƙonka na murya na saurara har sau biyu, kace ka ga hoto a sitatus ɗin uwargida an ɗauko hannuna riƙe da filaya ina lanƙwasa waya, kana tambaya wai yaushe malamin lissafi ya koma maƙeri. Toh naga abin yafi ƙarfin saƙon murya shi yasa na zauna yau bayan isha'i, yara sunyi barci, nace bari in rubuta maka tun daga tushe, don kai kaɗai ne cikin abokanmu na kwaleji da zan iya faɗa wa har abin da ke da nauyin faɗa.

Kasan dai makarantar kuɗin da nake koyarwa a da. A 2020 da aka rufe makarantu a Maris saboda korona, aka kuma saka dokar kulle a Kano a Afrilu, wata na farko aka bamu rabin albashi, daga nan shiru, ba waya ba saƙo. Ban ga laifin kowa sosai ba tunda iyaye basa biya, amma wallahi kwanakin nan ban taɓa ganin irinsu ba, azumi ya shigo muna kulle, mutum ya tashi da asuba ya rasa ina zai sa kansa. Ni kuma kasan halina, bana iya roƙo, sai in shige ɗaki inyi shiru.

Ita kuwa uwargida tun tana yarinya ta iya shirya tsakiya, wajen kakarta ta koya, tsohuwar tana yin jigida tana sayar wa amare a unguwarsu. Shekara bakwai muna tare ina ganinta da wani tsohon gwangwanin madara cike da duwatsu a ƙarƙashin gado, wani lokacin ta yi wa ƙannenta abin hannu ko ta gyara wa maƙwabciya sarƙar da ta tsinke, ban taɓa tsayawa na kalla da kyau ba, a wajena wasan mata ne. Ranar da abin ya canza ina tuna ta sarai. Ba wuta, zafi, tana zaune a tabarma bakin ƙofa inda haske yake, ta juye duwatsun a farantin silba tana tsince su da yatsa, ja gefe guda, baƙi gefe guda, ta laƙaba bakin zaren a leɓenta ta murza shi sannan ta fara zurawa, uku ja ɗaya fari uku ja ɗaya fari, bakinta yana motsi tana ƙirga. Kafin la'asar ta gama jigida biyu ta aiki yaro ya kai wani gida, ya dawo da kuɗi a hannu, da kuɗin aka sayo gero da sukari na kunun buɗa baki ranar. Bata ce min komai ba, kawai ta ajiye min kofi a gabana. Na sha kunun nan hawaye na neman zubo min.

Washegari nace mata ki koya min. Ta kalle ni ta ga da gaske nake, tace toh wanke hannunka tukunna, maiƙo yana dusashe duwatsu. Darasi na farko kenan.

Jarin farko nata ne, adashen da take zubi a gidan su ta ɗauka naira 15,000, da aka fara sassauta kullen ana buɗe kasuwa wasu ranaku ni na tafi Kurmi da takarda a aljihu ta rubuta min kala da girman kowace tsakiya. Kai kasan Kurmi, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take nan, fiye da shekara 500, lungu cikin lungu, amma ni ɗan Kano ban taɓa shiga layin masu duwatsu ba sai ranar. Na dawo da kaya rabi ba daidai ba, na sayo masu ƙaramin rami da zaren baya shiga, ta zauna ta nuna min yadda ake ɗaga tsakiya sama a leƙa ramin, da yadda ake goga ta a farin ƙyalle mai ɗan laima a gani ko fenti ne a sama ko kalar a jikinta take, da yadda ake gane gilas da roba in ka ɗan buga a haƙori. Murjani na gaske kuwa tace kar ma in tambaya, abin da ake ce wa murjani a kasuwa yawanci kwaikwayo ne, na gasken sai a akwatin tsofaffi.

Maganar mutane ma ba ƙarama bace. A majalisarmu ta ƙofar gida aka fara, wai wane ya zama mijin ta ce, wai ya zauna cikin mata yana shirya jigida. Ya yi min ciwo gaskiya, har na yi kwana uku ban taɓa faranti ba. Wani dattijo mai sayar da waya da ƙugiyoyi a Kurmi, da na ɗan yi masa ƙorafi, ya ajiye abin da ke hannunsa yace yaro, Manzon Allah SAW da dukiyar Nana Khadija ya tafi fatauci Sham, kai waye da zaka ji kunyar jarin matarka. Daga ranar na daina sauraron majalisa. Kuma shi dai dattijon ne ya nuna min yadda ake nannaɗe wayar tagulla a jikin ƙusa a yanka ta zobe-zobe, da yadda ake yin ƙugiyar ɗan kunne a goge bakinta da ƙaramin magagari don kar ta yanki kunnen mutum. Nan na samu nawa ɓangaren. Ita ce mai ido, ita ke haɗa kala, ta kalli hoton leshin amarya sau ɗaya ta san wace tsakiya zata hau, ni kuma aikin ƙarfe, zuwa kasuwa, kai saƙo tasha, da littafin lissafi.

Littafin nan shi nake so ka ji da kyau, don da ba don shi ba inaga da tuni mun watse ko a sana'ar ko a zaman. Wata shida da farawa muka yi faɗa mai zafi, na ɗauki kuɗi a gwangwani na biya bashin mai shago ban faɗa mata ba, ita kuma ta riga ta karɓi odar wata mata tana jiran kuɗin ta sayi kaya. Tace min a nutse, ciyar da gida naka ne, wannan kuɗin kuma na sana'a ne, in ka ci jari gobe da me zamu tashi. Na ji haushi don gaskiya ta faɗa. Daren nan na ɗauko sabon littafi irin na 'yan makaranta na raba shi, muka zauna muka rubuta cewa jarin asali nata ne ita kaɗai, riba kuma kashi uku, ɗaya ya koma cikin kaya, ɗaya nata, ɗaya nawa, kuma daga nawa nake cefane kamar yadda addini ya ɗora min. Nata ba ruwana dashi, ta saya wa mahaifiyarta magani, ta yi zubin adashe, ko ta ajiye. In na buƙaci rance sai in tambaya a rubuta da kwanan wata in biya. Wasu zasu ce mata da miji har da rubutu, ni kuwa na ga tun da muka fara haka ba mu ƙara ɗaga murya kan kuɗi ba, kuma kowa yana aiki da zuciya ɗaya don ya san haƙƙinsa ba zai narke cikin tukunyar miya ba.

Mun sha kashi kuma. Odar biki ta farko mai girma, ƙawayen amarya 40 masu anko, kowacce ɗan kunne da abin hannu. Don in rage kuɗi na sayo ƙugiyoyi masu araha wajen wani da ban saba dashi ba, suna ƙyalli kamar zinare. Kwana biyu bayan kamu waya ta fara shigowa, wannan kunnenta yayi ƙaiƙayi, waccan ya kumbura, wata tace ƙarfen yayi baƙi tun a wajen dina. Ashe ruwan gwal ne siriri a sama, ƙasa kuma ƙarfe ne mai nikel wanda fatar mutane da yawa bata ɗauka. Laifina ne ni kaɗai amma uwargida bata taɓa cewa kai ka ja mana ba, ta ɗauki waya ta kira su ɗaya bayan ɗaya ta bada haƙuri, muka karɓo duka muka canza da hannunmu kyauta, ribar wata biyu ta tafi. Abin mamaki uwar amaryar nan har yau kwastomarmu ce, 'ya'yanta biyu da aka aurar bayan nan duk mu muka yi musu.

Bayan wannan ne muka ce gara mu san asalin duk abin da muke sa wa mutane a jiki. A 2022 na hau mota na tafi Bida, na kwana biyu. Mutumina in baka taɓa zuwa unguwar Masaga ba ka sa a ranka. Ɗaki ne mai duhu da hayaƙi, murhu a tsakiya a ƙasa, maza sun kewaye shi, ɗaya yana zuga, ana narka fasassun kwalabe har su koma kamar zuma mai kauri, sai mutum ya ɗebo da sandar ƙarfe ya naɗa a jikin wata sandar yana juyawa yana juyawa, kafin ka ƙifta ido tsakiya ta fito, ko awarwaro, kwalbar lemo ta bada kore, ta magani ta bada ruwan ƙasa. Babu biyu da suke daidai da juna kuma nan kyawun yake. Nufawan nan sun gaji abin kaka da kakanni, har UNESCO ta saka Bida cikin biranen fasahar hannu a 2021, amma da ka ga yadda suke zaune sai ka ji ba daɗi, kayan waje masu araha sun cinye musu kasuwa. Na dawo da leda biyu, ta juye a faranti ta daɗe tana kallo bata ce uffan ba, sai tace waɗannan ba zan cakuɗa su da na kanti ba. Ta yi sarƙa guda shida da su da baƙin zare kawai da ƙugiyar tagulla da na lanƙwasa, na ɗauki hoto a kan farin zani da hasken safe muka saka a Instagram, kafin dare an saye biyar, har da wata daga Abuja.

Azurfa kuma wajen wani Buzu maƙeri muke karɓa, mutumin Agadas ne. Shi yake zuba mana ƙananan kuros irin nasu, adon nan da Buzaye ke ratayawa a wuya, ya fara sassaƙa siffar da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu ya gasa har kakin ya narke ya fita, sai ya zuba narkakkiyar azurfa a gurbin, in ta huce ya fasa yumɓun ya zauna yana zane da ɗan ƙarfe. Ya nuna min na Agadas daban, na Tawa daban, na Ingal daban. Da aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 aka rufe boda, wata da watanni bamu ga ko ɗaya ba sai da aka buɗe a Maris 2024. Shekarar 2023 ɗin dai gaba ɗaya ta gwada mu, farkonta canjin kuɗi ba takardar naira a gari, tiransifa ta maƙale kwastoma tana rantsuwa ta tura kai baka ga alat ba, sannan aka cire tallafin mai kuɗin mota ya ninka, kai saƙo Kaduna ya kusa kai kuɗin kayan. Alhamdulillah dai mun tsallake.

Yanzu na koma koyarwa da safe a wata makarantar, da yamma in zauna kan benci na. Mun yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ɗakin da ke zaure mun maida shi wajen aiki, akwai 'yan mata uku 'yan unguwa da take koya wa, tana biyansu kan kowace sarƙa. Abin da ke damuna idonta ne, ƙananan duwatsun nan suna cin ido, mun je an bata gilashi kuma na hana aikin dare in ba wuta sai dai a jira safiya ko oda zata makara. Na fara tara kuɗin ƙaramin sola daga nawa kason.

Toh ga inda kai ka shigo. Uwargida ta daɗe tana maganar tsakiyar mutanen Krobo ta wajenku can Ghana, wadda ake daka kwalba ta zama gari a zuba a ƙananan ramukan yumɓu, a soka karan rogo a tsakiya don in an gasa ya ƙone ya bar rami. A Koforidua ake cin kasuwarsu ranar Alhamis. Na san da ɗan tafiya daga Kumasi, amma dan Allah in ka samu sarari ko in madam ɗinka zata je wajen, a ɗauko mana bidiyo tukunna uwargida ta zaɓi kala, tafi son rawaya da shuɗi masu zane, matsakaita ba manya ba. Ka faɗa min nawa ne a sidi in san yadda zan turo maka, sai a ba direbobin da ke zuwa Kano in ka samu amintacce. Kuma ka auno min wuyan hannun madam da na 'yar autarku da zare ka turo tsawon, uwargida tace ita zata yi musu da hannunta da tsakiyar Bida, ni kuma ƙugiyar tawa ce.

Ka gaida kowa da kowa, ka gaida Baba in kun yi waya. Sai na ji daga gareka.

Naka har kullum,
abokinka na Kano