Takardar Koke Kan Ciwon Damuwar Da Ke Kama Masu Jego

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, mu iyaye mata, ungozomomi da ma'aikatan lafiya da muka sa hannu a ƙasa mun kawo kukanmu gare ka.

Ranar rigakafi ana auna nauyin jariri, a duba cibiyarsa, a rubuta a kati. Uwar da ta goyo shi kuwa, ba mai tambayar ta ko ta runtsa jiya. Mun ga mai jego zaune a bakin gado, jaririnta na tsala kuka har muryarsa ta dusashe, ita ta ƙura wa bango ido, nono ya jiƙe mata riga, ta kasa ɗaukarsa. 'Yan'uwa sun koma gidajensu, miji ya fita nema, daga ita sai shi. In ta buɗe baki a ce mata ta yi haƙuri, sai ta ja bakinta ta yi shiru.

Kuka da saurin fushi na kwanakin farko yakan wuce cikin mako biyu. In ya zarce haka, cuta ce, kuma tana da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 20 cikin 100 na masu jego a ƙasashe masu tasowa na fama da larurar ƙwaƙwalwa, galibi damuwa. Jariri ma yana cikin haɗari: uwar da ba ta da mai karɓar ta, barci kan ɗauke ta a kansa, ko ta jijjiga shi cikin ɓacin rai, abin da kan jawo zubar jini a ƙwaƙwalwarsa.

Roƙonmu, Ranka ya daɗe, a umarci asibitocin ƙaramar hukuma su riƙa yi wa kowace mai jego tambayoyi goma na gano ciwon damuwa da ake kira gwajin Edinbura, waɗanda ake amfani da su tun 1987, a ɗakin da ba mai jin su. A ba ma'aikatan lafiya abin hawa su bi ta gida a kwana na uku, a mako na biyu da na shida, su kuma zauna da miji su nuna masa alamomin. Wadda ta fara sambatu, ko ta ambaci cutar da kanta ko ɗanta, kada a bar ta ita kaɗai da shi, a kai ta wurin likita a ranar.

Muna neman a ba mu rana mu gana da shugaban sashen lafiya.

Naka masu biyayya,
Waɗanda suka sa hannu