Katin zaɓena yana aljihun wan mijina

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ya ƙara wa shirin nan albarka. Daga Garwa ta ƙasar Kamaru nake rubutowa, a farkon Oktoban 2025, amma don girman Allah kada a faɗi unguwa, kada a kama suna. Kwana uku ke nan ban runtsa ba, in maganata ta zo a hargitse a yi mini uzuri.

Daren Talata wajen ƙarfe ɗaya na ji ana taɓa ƙyauren ɗakina a hankali. Babban ɗana ne. Rigarsa a yage, jini ya bushe a kafaɗa da hannun riga har ya yi baƙi, idanunsa jajur, ya damƙe takardar jaka biyar, wato sefa dubu biyar, a hannu duk gumi ya jiƙa ta. Na hura wuta na dafa ruwa da gishiri don in gasa masa ciwo. Na duba kai, na duba baya, na duba haƙarƙari, ban ga komai ba sai ɗan ƙujewa a gwiwar hannu. Malam, jinin nan ba nasa ba ne.

Bari in koma baya, don kada a ɗauka yaron banza ne. Mahaifinsu direban babbar mota ne tsakanin Garwa da Ngaundere, motar ta ƙwace masa a gangaren dutsen Mbe shekara biyar da suka wuce, ya bar mini marayu biyar. Muna zaune a gidan gado wanda har yau ba a raba ba. Takardun gidan suna hannun wan mijina, Alhaji. Sashenmu ɗaki biyu ne da rumfa, katangar bayan ma marigayi ne ya gina ta da kuɗinsa, buhun siminti goma sha huɗu, ina da shaidu, amma Alhaji yana cewa wai da kuɗin gida aka yi. Sau biyu ana zama a kan rabon nan yana tashi ya bar dattawa a zaune. Mutumin nan bai taɓa sayo wa marayun ƙaninsa ko sabulun wanki ba. Da ƙosai da keken ɗinki na riƙe su. Babban har ya fara koyon gyaran babur, ubangidansa yana yaba shi, ba ya shan komai. Yanzu ne na tsinci fankon ƙwayar tiramol a aljihunsa, kuma na san wanda ya jefa shi ciki.

Malam ya san yadda gari ya koma tun watan Yuni da Issa Tchiroma ya ajiye muƙamin minista ya ce zai tsaya takarar shugaban ƙasa, Bello Bouba ma ya ce zai tsaya, ga Shugaba Biya da shekara 92 yana neman ƙari. Tun 1982 yake kan kujera, ni ba a ma haife ni ba. A 1984 aka haife ni, shekarar da aka yi yunƙurin juyin mulki a Yawunde, kuma Innata har ta rasu tana ba mu labarin mutanen Arewa da aka kwashe a lokacin, wasu ba a sake ganinsu ba. Da tsoron siyasa aka yaye ni. Ba zan faɗi ɓangaren da Alhaji yake wa aiki ba, kowane ɓangare dai yana da samarinsa masu gora, kuma duk 'ya'yan talakawa ne. Shi nasa 'ya'yan ya tura su Ngaundere wajen kakarsu tun kafin a buɗe kamfe ranar 27 ga Satumba. Nawa ya ɗauka ya sa cikin 'yan banga, wai gadin taro.

Abin da na so in tambaya tun farko shi ne maganar rantsuwa. Ana gobe za a fara kamfe Alhaji ya tara mu a tsakar gida, mu tara da muka isa zaɓe. Ya ce ana yawo ana sayen katunan zaɓen mutane, don haka kowa ya kawo nasa ya adana, sai safiyar Lahadi 12 ga Oktoba ya mayar mana a bakin rumfar zaɓe. Ya ba kowace mace turmin atamfa da shinkafa kilo biyar da jaka biyu. Sannan ya sa aka ɗauko Alƙur'ani. Malam, na dafa. An koma makaranta, ana ta koro mini yara biyu saboda kuɗi, babu ko ƙwayar hatsi a ɗaki, ga idon matansa a kaina. Wace mace ce za ta ce a'a a wannan tsakar gidan? Kowa ya dafa, ba ni kaɗai ba. Atamfar ma ban ɗinka ba, tana nan a ƙasan akwati.

Bai tsaya nan ba. A nan kowane ɗan takara da takardarsa, bana su 12 ne, ka ɗebi duka ka shiga bayan labule, ka sa ɗaya a ambulan, sauran ka zubar. Ya ce sauran takardu 11 ɗin mu cusa su a zani mu kawo masa ya ƙirga, wadda ta kawo ba daidai ba ta san inda dare ya yi mata. A 2018 ya gwada irin wannan, marigayi ya miƙe ya ce babu mai bin matarsa bayan labule. Yau babu mai faɗa mini haka. Ni kuma zuciyata tana wani wajen daban, yarona shekararsa 20, bana ne zai fara zaɓe, na so a ce mu biyu mun je mun jefa wa wanda muke so. To in na saɓa, kaffara ta isa? Na ji ana cewa ciyar da miskinai goma ko azumin kwana uku ga wanda ba shi da hali. Rantsuwar da aka yi da tsoro ma tana kama mutum?

Na manta ban faɗa ba, har katin marigayi ya karɓa. Ya ce zai kai a soke sunan ne. Na ba shi, domin a lokacin ban kawo komai a raina ba. Yanzu da nake ji a wajen suyar ƙosai ana ta zancen matattu za su yi zaɓe, kuma za a canza takardar sakamako bayan an ƙirga a gaban jama'a, sai gabana ya riƙa faɗuwa. Kada wani ƙato ya je ya dangwala da sunan mijina yana kwance a kabarinsa. Wannan ma alhakin a kaina yake?

Jinin da na ce, na ɗan wata mata ne. Maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu, ita ta yi mini zaman takaba, ranar da na haifi autana ita ta yanke cibi. Ɗanta da nawa tare suka yi makarantar allo. Shi yana ɗaya ɓangaren, yana liƙa hotuna da dare. A daren Talatan aka tare su a bakin kwalbati, fuskoki a naɗe da rawani, aka sauke masa gora a ka. Yana asibiti, an yi masa ɗinki, har yanzu in ya yi magana ba ta fita sosai. Bai ga wanda ya buge shi ba. Jiya bayan sallar isha'i nawa ya durƙusa a gabana yana kuka, ya ce Inna ni ne, ban gane shi ba sai da ya faɗi ya kira sunan uwarsa. Ya ce an ba su ƙwaya kafin su fita, kuma an ce tsorata su kawai za a yi. Na yarda da shi, Malam, yaron nan ko kaza ba ya iya yankawa.

Na je na sami Alhaji da safen nan. Ko kallona bai yi ba, yana jan carbi ya ce in na buɗe baki shi da kansa zai kai yaron wajen jandarma, ni kuma in kwashe tsummokarana in bar masa gida. Ya ƙara da cewa ana bukatar yaron a taron Asabar.

Ina da wa a Yola. Na yi tunanin in ɗora yaron a babur ya bi ta Gashiga ya tsallaka kafin Asabar, amma katin ɗan ƙasarsa ma yana wajen Alhaji, kuma in ya gudu ai ya tona kansa. In ya zauna za a sake ba shi gora. Saura kwana tara zaɓe, ana cewa abin da zai biyo bayan sakamako ya fi wannan.

Shekaranjiya na dama kunun gyaɗa na kai wa maƙwabciyar tawa asibiti, ta riƙe hannuna tana cewa Allah ya isa tsakaninta da wanda ya yi wa ɗanta haka, ta juyo tana jira in ce amin. Na ce amin, Malam. Jaka biyar ɗin nan na haɗa da biyun da aka ba ni na sa mata a ƙarƙashin filas, ta yi ta godiya. Ta aiko yarinya ɗazu wai gobe in zo in kama mata kwana a wajensa, ta gaji. In je? In na je ya buɗe ido ya gaishe ni, me zan ce masa?

Wassalam. Daga wata uwar marayu a Garwa.