Rahoton Ayyukan Shekara: Nazarin Gansakukar Takakia

'Yan uwa mambobi, bana kwamitin nazari ya mai da hankali kan gansakuka ɗaya tak, Takakia. Ba ta fitowa a Afirka, don haka mun yi aiki da hotunan samfura da bayanan masana, muka koyi riƙe gilashin ƙara girma mai ninki 10 a kan gansakukar duwatsun Jos lokacin damina.

Iri biyu ne: Takakia lepidozioides da Takakia ceratophylla. Ana samunsu a Himalaya, Tibet, Japan, dutsen Kinabalu na Borneo, tsibiran Aleutian na Alaska da gaɓar British Columbia a Kanada, a tsagar dutse mai laima, kusa da inda ruwa ke zubowa ko inda dusar ƙanƙara ke jinkirin narkewa. A Tibet tana rayuwa sama da mita 4,000, ƙanƙara na rufe ta wata 8 a shekara. Binciken da aka wallafa a 2023 ya nuna tana raguwa a can da kashi 1.6 cikin ɗari duk shekara.

Wajen ganewa aka fi shan wahala. Tsayinta kusan santimita 1 ne, ganyenta kuma ba shimfiɗaɗɗe ba ne: ya rabu zara-zara kamar yatsu, kowane sili kusan milimita 1. Lepidozioides galibi sili biyu, ceratophylla yakan kai huɗu. Ba ta da gashin saiwar nan da sauran gansakuka ke kama ƙasa da shi. In ta bushe, lepidozioides tana ƙanshin kirfa. Mambobi da dama sun ɗauke ta Lepidozia, wani tsiro mai kama da gansakuka amma ba gansakuka ba, kuma ba abin kunya ba ne, domin masanin tsirrai William Mitten ma haka ya sanya ta a 1861. Sai a 1958 aka ba ta sunan Takakia don girmama masanin tsirrai Noriwo Takaki na Japan. Ƙoƙon irinta da aka gano a Aleutian, mai tsagewa a murɗe ta gefe ɗaya, shi ya tabbatar gansakuka ce.

A fili kuwa, wajen tattara gansakukar Jos, leda ce babbar matsala: samfur yakan yi gumi ya kama funfuna. Daga yanzu ambulan takarda kawai, a shanya a inuwa, a rubuta wuri, tsayin dutse da abin da tsiron ya manne wa. Kafin a duba, a jiƙa shi da ɗigon ruwa, busasshen ganye karyewa yake.

Baɗi za mu koma kan gansakukar Mambila. Mai son shiga ya ba sakatare sunansa.